Daga Tanja Zuwa Zawaciki: Kwana Nawa Kaya Ke Yi a Hanya?

Akwai wani jirgin ƙasa da nake yawan cin karo da shi a hanyata ta zuwa aiki. Ba ya ɗaukar fasinja. Taragunsa hawa biyu ne, sama da ƙasa maƙare da sababbin motoci ƙirar Dacia, kujerunsu ko leda ba a ɓare ba. Daga masana'antar Renault da ke Melusa yake tasowa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 30, ya shige har cikin tashar jiragen ruwa ta Tanger Med da ke kusa da birnin Tanja a arewacin Maroko. Can direbobi ke jira, su sauko da motocin ɗaya bayan ɗaya, su jera su a fili, jirgin ruwa ya zo ya haɗiye su ya nufi Turai. Karatu ne ya kawo ni Maroko, aiki ya zaunar da ni a wani ofishin da ke shirya takardun kwantena, amma har yau idan na hango jirgin nan sai na rage tafiya na bi shi da kallo.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne wayar da muka yi da yayana kwanakin baya. Shi sana'arsa riɗi da zoɓo, a kasuwar Dawanau yake haɗa kaya. Ya yi lodin kwantena, mai saye yana jira a ƙasar waje, an tsayar da rana. Na ce masa, "Yaya, kayan sun isa Legas kuwa?" Ya ce, "Kai dai bari. Motar ta kwana uku a bayan Mokwa saboda wata tirela ta faɗi ta tare hanya, yanzu kuma tana layin shiga tasha. Jirgin da muka yi niyya ya tashi." Ya lissafo mini shingayen da direba ya tsaya, kowanne da abin da aka miƙa, da kuɗin kwanan mota, da tarar jinkiri. Ribar da ya ƙiyasta ta zagwanye a hanya tun kafin riɗin ya ga ruwa. Ba asarar kuɗin ce ta fi ƙona masa rai ba. Mai sayen ne ya rubuto cewa a karo na gaba zai nemi wanda zai iya cika masa rana.

Nan ne duk maganar take a ganina. Mu a gida idan ana zancen jawo masu zuba jari, sai a tafi kan yafe haraji, da katange fili, da kafa allo mai ɗauke da sunan yankin masana'antu na musamman. Ni kuwa da nake zaune kusa da mutanen da ke yanke irin wannan shawara, tambayar da nake ji a bakinsu kullum ɗaya ce: daga ƙofar masana'anta zuwa cikin jirgi kwana nawa ne, kuma wannan amsar za ta tabbata a wata mai zuwa? Mai jari zai iya jure haraji mai nauyi idan ya san adadinsa. Abin da ba ya jurewa shi ne rashin sanin ranar da kayansa za su isa.

Dole in yi adalci. Allah Ya ba Tanja abin da bai ba Kano ba. Tashar tana bakin mashigin Jibralta, tsakaninta da Sifaniya kilomita 14 ne kacal, ranar da gari ya yi wasai da ido kake hango tsallaken. Manyan jiragen da ke tsakanin Asiya da Turai da Amurka ta ƙofar gidanta suke wucewa. Da aka ce ta sarrafa kwantena sama da miliyan 10 a 2024, mafi yawansu ba kayan Maroko ba ne, sauke su ake yi daga wani jirgi a ɗora wa wani. Wannan ba abin da za mu kwaikwaya ba ne, kuma duk wanda ya ce zai mayar da wani gari na Arewa kamar Tanja yaudararmu yake yi.

Amma mashigin nan yana wurin tun fil azal, kuma kafin shekarar 2000 arewacin Maroko yanki ne da aka yi wa riƙon sakainar kashi, an fi saninsa da fasa-ƙwauri da matasa masu neman tsallakawa Turai. Abin da ya canja shi ba sa'a ba ce. A 2002 Sarki Muhammad na Shida ya sanar da aikin, aka kafa hukuma guda aka danƙa mata tashar da filayen masana'antun da ke kewaye da ita. Hukuma guda, ina nanatawa, domin wanda ya taɓa yawo da fayil daga ofis zuwa ofis ya san darajar wannan. Aka buɗe tashar a 2007, aka jawo mata babbar hanya da layin dogo. Da Renault ya buɗe masana'antarsa a farkon 2012, an kai masa layin dogo har gida, an kuma gina cibiyar horar da ma'aikata kusa da shi. Daga nan masu yi masa kayan haɗi suka biyo: masu kujeru, masu gilashi, masu damin wayoyin lantarkin mota. Kowanne ya zo ne saboda ɗan'uwansa yana nan, kuma dukkansu sun zo ne saboda jirgin ruwa yana tashi ranar da aka ce zai tashi. A 2019 aka ƙara kashi na biyu na tashar. Yau motoci suna sahun gaba a kayan da Maroko ke sayarwa waje.

A wannan shekarar ta 2007 da aka buɗe Tanger Med, mu ma mun yi namu bikin. A watan Afrilu Shugaba Obasanjo ya je Kalaba ya buɗe Tinapa, wani yankin kasuwanci da shaƙatawa na musamman, aikin da Gwamna Donald Duke ya ɗora wa buri, aka ce zai zama Dubai ɗin Afirka ta Yamma. An gina manyan rumfuna, an gina otal, har da wurin shirya fina-finai. Sai aka tarar ba a gama daidaita dokar harajin wurin da hukumar kwastan ba, aka yi ta ja-in-ja, ga hanyar ruwan Kalaba ba ta da zurfin da manyan jirage za su shigo duk da kwangilar yashe ta da aka sha bayarwa. Rumfunan suka zauna fayau, bashi ya yi wa aikin katutu. Ba kuɗi ne ba a kashe ba, ba kuma hangen nesa ne babu ba. An fara da rufin ɗaki ne kafin a haƙa tushe.

Wani abin da ke sosa mini rai ya fi wannan kusa da gida. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna. Duk wanda ya tashi a zamanin ya san Fijo 504, motar ma'aikata, motar haya, motar kai amarya. Saboda cunkoson tashar Legas da nisan hanya, shekaru aka yi ana ɗauko kayan haɗin ta jirgin sama daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna. Ka duba wannan da kyau: tun a lokacin matsalar hanya ta nuna kanta, kuɗin mai ne ya rufe ta, da kuɗin suka ja baya sai ta fito fili. A 2019 wannan kamfani ya buɗe sabuwar masana'anta a Kenitra, nan Maroko, yana ƙera motocin da ake sayarwa a Turai. Mun riga su da shekara 44. Injiniyoyin da Kaduna ta horar ba su gaza na Kenitra basira ba.

To yanzu ina muka kwana? An samu ci gaba, kuma ba zan ƙi faɗa ba. Tashar Lekki mai zurfi da aka buɗe a Janairun 2023, wadda ta ci kimanin dala biliyan 1.5, tana karɓar jiragen da Apapa ba ta iya karɓa. Abin alheri ne. A Arewa kuma an buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024. Manufarsu mai kyau ce: ɗan kasuwa ya gama da kwastan a garinsu, a rufe kwantena a buga mata hatimi, kada a sake buɗe ta sai inda za ta. Sai dai ta Dala tun 2006 aka ba da izininta, shekara 17 kafin a yanka kirtani. Kuma tashar tsandauri ba ta da wani ruwa sai layin dogo. Sabon layin da ya fito daga Apapa a Ibadan ya tsaya. Wanda ya taso daga Abuja a Kaduna ya tsaya, na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021 ana kan aikinsa. Tsakanin Ibadan da Abuja babu komai. Lekki kanta ba a haɗa ta da layin dogo ba. Tsohon siririn layin Turawa ne kaɗai ya haɗa Legas da Kano, kuma ɗan kasuwa ba ya iya ɗaura alƙawarinsa a kan jadawalinsa. Saboda haka riɗin yayana har yau tirela ce ke jan sa tafiyar kusan kilomita 1,000, kamar dai ba a buɗe komai ba.

Ba sai mun je Maroko ba kafin mu san abin da jirgin ƙasa ke yi wa gari. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawan mulki auduga suka sa rai za a noma musu. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa, cikin 'yan shekaru ta cika tasha har aka rasa taragun ɗauka. Daga nan su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Ba wanda ya yafe musu haraji. Hanya aka buɗe, mutane suka san abin da za su yi da ita.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka Tanja aljanna ce. Matan da nake gani da asuba suna jiran motar ma'aikata, sanye da jallabiya saboda sanyin teku, mafi yawansu albashinsu bai wuce dirhami dubu uku da 'yan kai ba, ga kuɗin haya yana hawa kullum. A Fabrairun 2021 ruwan sama ya cika wani wurin ɗinki da ke ƙarƙashin wani gida a cikin garin nan, mutum 28 suka rasu, akasarinsu mata. Allah Ya jiƙansu. Wannan ya faru a gari ɗaya da tashar da ake alfahari da ita. Idan za mu ɗauki darasi daga nan, mu ɗauka har da wannan, mu sa haƙƙin ma'aikaci a cikin yarjejeniya tun ranar farko.

Mahaifinmu a masana'antar jima ya yi aiki a Sharaɗa har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya fara gaya mini cewa fatar jar akuyar Sakkwato da ayari ke ƙetara Sahara da ita, ita ce Turawa suka yi ta kira fatar Maroko, don a hannun 'yan nan suke sayenta. Duk lokacin da na shiga tsohuwar kasuwar Tanja na ji ƙamshin fata a rumfunan masu jaka da takalma sai na tuna da shi. Har yau fatar Kano tana tafiya Italiya da Sifaniya, a can ake mayar da ita takalmin da ake sayarwa da tsada. Mai masana'antar takalmi da zai so ya matso kusa da fata yana nan, na zauna da irinsu. Abin da zai tambaya shi ne wuta da hanya. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka rufe, dizal ɗin janareta na cikin abin da ya karya su, kuma bututun iskar gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, da aka ƙaddamar a 2020 shi ake ta zuba wa ido.

Shi ya sa nake roƙon gwamnoninmu da 'yan majalisarmu su dakata da buɗe sababbin yankunan masana'antu. Akwai na Fanisau a Kano, akwai na Maigatari a Jigawa, sun isa a fara da su. Su haɗa baki a kan abu biyu: a cike giɓin layin dogo daga teku zuwa Kano, sannan a ba yanki guda wutar da ba ta ɗaukewa. Layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da ake ginawa ina goyon bayansa, domin 'yan'uwanmu na Nijar ba su da teku, kuma kayansu da ke bi ta Kwatano da Lome za su iya bi ta wajenmu. Amma ɗan kasuwar Maraɗi ba zai baro hanyar da ya sani ba don ya zo ya tsaya a Kano yana jiran tirela.

Yayana zai sake lodi bayan kaka. Ya ce wannan karon zai gwada ta Zawaciki ya gani. Na roƙe shi ya rubuta mini ranar da aka rufe kwantenar, da ranar da ta bar Kano, da ranar da ta shiga jirgi, da duk abin da ya biya a tsakani. Na buɗe wa wannan shafi a littafin da nake rubuta kwanakin kwantenonin da ke wucewa ta teburina a nan.