Masu Raina Ƙungiyar Planetary Society Su Koma Su Duba Tarihi

Tun lokacin da Fadar White House ta miƙa wa Majalisar Dokokin Amurka daftarin kasafin kuɗin 2026, wanda ya nemi a zaftare kusan kashi 24 cikin ɗari na kuɗin hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, tare da kusan rabin abin da ake ware wa sashenta na kimiyya, nake ta cin karo da wani ra'ayi da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Masu wannan ra'ayi suna cewa babu abin tayar da jijiyar wuya, tunda a yau attajirai irin su Elon Musk da Jeff Bezos ne ke riƙe da akalar harkar, kuma ƙungiyoyin da ke kuka a kan batun, musamman Planetary Society, taron masu surutu ne da ba su taɓa ɗaure ko noti ɗaya a jikin roka ba.

An kafa ƙungiyar ne a 1980 a birnin Pasadena na jihar Kalifoniya, kuma mutum uku da suka kafa ta ba 'yan kallo ba ne. Carl Sagan masanin taurari ne, Bruce Murray shi ne shugaban cibiyar JPL mai ƙera kumbunan NASA a lokacin, Louis Friedman kuwa injiniya ne a cibiyar. Abin da ya haɗa su shi ne iƙirarin 'yan siyasar Washington cewa jama'a ba su damu da binciken sauran duniyoyi ba, saboda haka ba asara ba ce idan an toshe masa kuɗi. An kuwa toshe, domin daga 1978 har zuwa 1989 Amurka ba ta harba sabon kumbo ko ɗaya zuwa wata duniya ba. Amsar da mutanen uku suka bayar ita ce tara dubban mambobi masu biyan kuɗi daga aljihunsu, don kada wani ɗan majalisa ya sake fakewa da cewa babu mai so.

Inda aka fi ganin amfanin wannan dabara shi ne batun Pluto, wata ƙaramar duniya mai nisa sosai daga rana. A 2000 NASA ta soke shirinta na aika kumbo can saboda tsada, sai ƙungiyar ta sa mambobinta suka yi wa Majalisa ruwan wasiƙu, masana suka matsa lamba ta nasu ɓangaren, har aka amince da kumbon New Horizons. An harba shi a Janairun 2006, ya gitta ta kusa da Pluto a Yulin 2015, ya aiko da hotunan da suka nuna tsaunukan ƙanƙara da wani makeken fili mai siffar zuciya. Ina so masu yabon attajirai su faɗa mini wane kamfani ne zai zuba jarinsa a tafiyar shekara tara da rabi wadda ribarta hoto ne da ilimi.

Su ma da ke cewa ƙungiyar ba ta taɓa ƙera komai ba, ba su yi bincike ba. A 2005 ta yi ƙoƙarin harba kumbonta mai suna Cosmos 1, wanda aka tsara hasken rana ya riƙa tura shi, daga jirgin ruwan Rasha mai tafiya a ƙarƙashin teku, rokar ta gaza, kuɗin mambobi suka bi ruwa. Ba ta karaya ba. A Yunin 2019 aka harba LightSail 2, kumbon da bai fi girman burodi ba, wanda ya buɗe wani siririn mayafi mai ƙyalli kamar madubi, faɗinsa murabba'in mita 32, hasken rana kaɗai yana tura shi yadda iska ke tura jirgin ruwa mai filafilai, ba tare da ɗigon mai ba. Gaskiya ne Japan ta riga su da kumbon IKAROS a 2010, amma wancan aikin gwamnati ne, wannan kuwa gudummawar dubban mutane ce. Abin dariyar ma shi ne rokar Falcon Heavy ta kamfanin SpaceX na Elon Musk ce ta ɗauke shi, wato attajirin direban mota ne a wannan tafiya, wasu ne suka san inda za a je da dalilin zuwan.

Wannan shi ne abin da masu ra'ayin suka kasa ganewa, ko kuma suka gane suka kau da kai. Rokar haya tana ɗaukar kayan wanda ya biya ne, kuma SpaceX kanta kwangilar NASA ta 2008 ce ta tsamo ta daga bakin durƙushewa. Idan aka yanke kuɗin kimiyya, rokokin za su ci gaba da tashi da taurarin ɗan'adam na intanet da na soja, na'urorin bincike kuwa su yi ta shan ƙura a ɗakunan ajiya.

Majalisa ce ke da wuƙa da nama a kan kasafi, kuma can ya kamata jami'o'i da masana da mambobin ƙungiyar su ci gaba da yin dafifi, da wasiƙa da waya da zuwa ofishin ɗan majalisa ƙafa da ƙafa, kamar yadda aka yi a kan Pluto.