Masu cewa an kashe Doctor Who, tun 1966 kuke wannan jana'izar

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya wuce abinsa ba zan ji haushi ba. Maganar Doctor Who ce, shirin nan na BBC da aka fara haskawa ranar 23 ga Nuwamba 1963. Na san masu kallonsa a nan wajenmu ba mu da yawa, amma 'yan tsirarun da muke ɗin nan wallahi bakinmu ba ya shiru. Tunda zangon Ncuti Gatwa, jarumin da ya fito a Dakta daga ƙarshen 2023, ya ƙare a watan Mayun 2025 ba abin da nake cin karo da shi sai "shiri ya mutu", "sun kashe mana Dakta", "ni daga kan Tennant na daina", sai kuma Disney suka zare hannunsu daga haɗin gwiwar da suke da BBC, toh shikenan fa masu jana'iza suka ce ga gawa ta samu.

Ga wanda bai taɓa gani ba a taƙaice: wani mutum ne da ake ce wa Dakta, daga wata duniya da ake kira Gallifrey, zuciyarsa biyu, yana yawo a cikin wani shuɗin akwatin wayar 'yan sandan Ingila mai suna TARDIS wanda cikinsa ya fi wajensa girma, ya koma zamanin da ya wuce ya leƙa wanda bai zo ba, yawanci da abokiyar tafiya 'yar Adam. In ya zo mutuwa sai ya sauya jiki, sabuwar fuska sabon hali, amma shi ne dai. Kuma wannan dabarar ba wata hikima aka zauna aka tsara tun farko ba, William Hartnell da ya fara fitowa a Dakta ne lafiya ta yi masa ƙaranci a 1966, ga shiri yana kasuwa, sai aka ce to bari mu ce jikinsa ya tsufa ya sake wani, aka ɗauko Patrick Troughton. Dole ce ta haifi abin da ya raya shirin sama da shekara sittin.

To tun daga wannan ranar aka fara kukan. Mutane sun rubuta wasiƙun ƙorafi cewa an ɗauke musu dattijo mai kwarjini an kawo musu ɗan kama. Troughton fa, wanda yau in ka ce ba ka son sa tsofaffin 'yan kallo sai su kusa cire ka daga guruf. A 1976 da aka yi The Deadly Assassin a zamanin Tom Baker, shugaban ƙungiyar magoya bayan shirin da kansa ya rubuta doguwar suka yana cewa an ɓata tarihin mutanen Gallifrey, armashin shirin ya tafi. Yanzu ku ji abin dariyar, a cikin wannan labarin da aka tsine wa ne aka fara cewa sau goma sha biyu kawai Dakta zai iya sauya jiki, kuma wannan ƙa'idar ce mutanenmu suka riƙe kamar wahayi suna zagin Chris Chibnall, mai jan ragamar shirin a lokacin, da ita a 2020 da ya zo da labarin Timeless Child wanda ya karya ƙa'idar. Shi kansa Chibnall ɗin yana matashi a 1986 ya fito a wani shirin BBC a matsayin ɗan kallo yana kushe marubutan lokacin, bidiyon na nan yana yawo a YouTube, yaro da tabarau yana ta bayani, bayan shekara talatin aka miƙa masa ragamar aka yi masa abin da ya yi wa wasu. Da aka ɗauki Matt Smith a Dakta yana da shekara 26 aka ce yaro ne, da aka kawo Peter Capaldi yana da 55 aka ce tsoho ne 'yan mata za su gudu. Jodie Whittaker kuma, macen farko da aka ba jagorancin shirin a matsayin Dakta, ba sai na faɗa ba, tun kafin ta buɗe baki ta yi magana ɗaya wasu sun gama yanke hukunci.

Saboda haka in ka ce min shiri ya mutu, abin da nake ji kawai shi ne Daktan da ka tarar lokacin kana ɗan sakandare ya tafi. Kuma ba laifi ba ne, kowa da nasa. Ni nawa Capaldi ne kuma ba na neman afuwar kowa, wanda ya kalli Heaven Sent na 2015, mutum ɗaya kusan shi kaɗai a cikin wani gini yana naushin bango har tsawon shekaru biliyoyi, ya dawo ya ce min ga wanda ya fi shi iya wasa, sai mu zauna.

Amma fa kar ku ɗauka na zo wanke shirin ne. Zanguna biyun ƙarshen nan suna da ciwo, kawai dai ba inda kuke nunawa ciwon yake ba. Masu cewa wai matsalar an mayar da Dakta mace ko baƙar fata, ko an cusa siyasa, ina ga ba su kalli na da ɗin da suke kuka a kansa ba. Daleks ɗin da Terry Nation ya ƙirƙira tun 1963 ai 'yan Nazi ne aka saka a cikin gwangwani, halittar da ba ta yarda wani jinsi ya rayu ba sai nata. The Green Death na 1973 kacokan a kan kamfanin da ke zuba guba a ramin haƙar kwal a Wales ne. A 1988 sun yi wata shugaba mai tilasta wa mutane fara'a da kowa ya san Margaret Thatcher ake nufi. Mace ce ma, Verity Lambert, ta fara riƙe shirin a matsayin furodusa, wanda ya ba da umarnin labarin farko kuma Waris Hussein ne haifaffen Indiya. To yaushe ne ba siyasar? Kuma kashin farko na Whittaker a 2018 sama da mutum miliyan 10 suka kalla a Birtaniya, mutane sun zo da niyyar so, rubutun ne bai riƙe su ba, an tara mata abokan tafiya har uku a TARDIS kowa yana tsaye yana jiran a ba shi layi ɗaya ya faɗa.

Ciwon gaskiya a wajena shi ne waiwaye, kuma mu 'yan kallo mu muka jawo shi da bakinmu. Shekara da shekaru muna ihu a dawo mana da kaza, a dawo mana da wane, da tsohuwar zuma ake magani, sai masu shirin suka ɗauka da gaske muke. Aka dawo da Russell T Davies wanda ya farfaɗo da shirin a 2005. Aka dawo da tsohon Dakta David Tennant da abokiyar tafiyarsa Catherine Tate a 2023. Da Gatwa ya karɓa ma ba a bar Tennant ya tafi kamar yadda kowane Dakta ke tafiya ba, sai aka tsaga su biyu, wato tsohon yana can yana shan shayi a lambu ko da za a neme shi. Ka gaya min wane sabon jarumi ne zai miƙe da ƙafarsa alhali an ajiye wanda ya gada a bayan gida? Sannan babban mugun zangon farko aka ce Sutekh ne, daga wani labari na 1975. Zango na biyu aka ce Rani ce ta 1985, ga kuma Omega na farkon shekarun 1970. Yarinyar da ta fara kallo a Disney+ a 2024 fisabilillahi me za ta ji in an buga kiɗa mai ƙarfi an ce ga Omega? Sai ta tsayar da fim ta shiga Google. Mu kuma da muka san su ɗin ba mu gode ba, tunda an kawo su an kashe su cikin 'yan mintuna. A ƙarshe Gatwa ya sauya jiki sai ga fuskar Billie Piper, wadda ta fito a Rose, abokiyar tafiyar Dakta, tun a 2005. Haba dan Allah.

Ku tuna yadda shi Davies ɗin ya yi a 2005 lokacin da shirin ya shekara goma sha shida a kwance in ka cire fim ɗin 1996. Bai fara da Gallifrey ba, bai fara da tarihi ba. Yarinya ce mai aikin kanti a Landan, tana zaune da uwarta, ta sauka ɗakin ajiya na ƙasa gumakan tallan kaya suka fara motsi, wani mutum mai jaket ɗin fata ya kama hannunta ya ce ta gudu. Shikenan. Ba ka buƙatar sanin komai. Ko sunan duniyarsu ba a ambata ba sai da aka yi nisa. Mutumin da ya san wannan sirrin shi ne yau yake ba mu jarrabawar tarihi.

Ga kuma ƙarancin kashi. Lokacin Christopher Eccleston, Daktan 2005, da Tennant kashi 13 ake yi a zango, ban da na Kirsimeti. Gatwa 8 aka ba shi, a cikin takwas ɗin farkon ma akwai biyu da kusan ba ya ciki saboda yana ƙarasa wani aikin. Yaushe za ka saba da mutum? Ana cewa yana yawan kuka, eh yana yi, amma da kashi goma sha uku ne da kukan ya samu tazara, da mun gan shi yana wauta yana faɗa da abokiyar tafiyarsa a kan abin banza, irin zaman da ke sa ka ji mutum naka ne. Kuɗin Disney ya sa TARDIS ta zama ƙatuwa fara fes, siddabarun kwamfuta ko'ina, amma shirin nan bai taɓa yin kyau don kuɗi ba.

Ɗauki Midnight na 2008. Mota ce guda ta 'yan yawon buɗe ido a wata duniya da ba a iya fita waje, ta tsaya a hanya. Sai aka fara ƙwanƙwasa jikinta daga waje. Wata mata a cikin fasinjojin ta zauna ta ƙame, duk abin da aka faɗa sai ta maimaita, can sai ta fara faɗa tare da mai magana a lokaci ɗaya, can kuma sai ta fara riga Dakta faɗar maganarsa shi yana bin bayanta. Ba a taɓa nuna dodon ba. Abin tsoron mutanen cikin motar ne, mutanen kirki masu iyali, cikin rabin awa sun yarda a ja Dakta a jefa shi waje. Ma'aikaciyar motar ce ta ba da ranta ta cece su, da ƙura ta lafa aka tambayi sunanta ba wanda ya sani. Ɗaki ɗaya da kujeru, nawa aka kashe? Har gobe in na tuna tsigar jikina tashi take.

Kuma a zamanin Gatwa ɗin ma duk inda suka yi ƙaramin labari sun ci. Ƙarshen Dot and Bubble, inda ya tsaya yana roƙon mutane su bari ya cece su suka ƙi shiga jirginsa saboda launin fatarsa, ya yi dariya ya yi ihu hawaye na zuba, wannan ba Daktan da ya gabata da zai iya yin sa. Sai The Story and the Engine na 2025 da aka kafa a shagon aski a Legas, ana yi wa mutum aski yana ba da labari labarin yana zama man da ke tura inji. Inua Ellams ne ya rubuta, haifaffen Jos. Ba dodon 1975 a ciki, kuma shi ne kashin da na fi ganin mutanen da ba ruwansu da shirin suna turo wa juna.

Tunda na ambaci Jos bari na faɗa muku wani abu da da yawa ba su sani ba, don ku ga irin son da nake girmamawa. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kasakasan tsofaffin shirye-shirye tana sake ɗauka a kansu, ba wanda ya zaci za a neme su, shi ya sa har yau kashi sama da 90 na zamanin Hartnell da Troughton babu hotonsu. Amma muryar kowane ɗaya tana nan, saboda wasu yara a Ingila sun riƙa kanga rikoda a jikin talabijin suna ɗauka, ana hana kowa tari a falo. Hoton kuma, da yake BBC tana sayar wa ƙasashe kwafi a faifan fim, wata ƙasa ta gama ta tura wa wata, sai wasu suka maƙale a hanya. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin faifai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, sun sha ƙura a kan kanta, a ciki har da kashi 9 da duniya ta fitar da rai da su, na The Enemy of the World da The Web of Fear. Shekaru da dama suna zaune a Filato ana can ana kuka a Landan. Waɗannan yaran masu rikoda da wannan mutumin su ma 'yan kallo ne, ba su ce a rubuta musu shiri yadda suke so ba, abin da aka watsar suka tsince.

Saura kashi na 3 na The Web of Fear, wanda a cikinsa ne Lethbridge-Stewart, sojan da daga baya ya zama babban abokin Dakta, ya fara fitowa. Shi Morris ya ce ya gan shi a wurin tare da sauran, amma kafin a kwaso kayan ya yi ɓatan dabo. Don haka mutanen Jos, in akwai wanda kawunsa ya taɓa aiki a gidan talabijin, dan Allah a leƙa ƙarƙashin gado.