A kwamiti ake ɗinka doka, ba a zauren majalisa ba

A watan Janairun 2023 na raka ɗan ƙanwata wani ofishi a nan Garwa, a arewacin Kamaru, za a buga masa hatimi a takardun jarrabawa. A gabanmu a layi akwai wata dattijuwa. Da layi ya zo kanta ta kwance bakin zaninta, ta fito da jaka guda wadda ta sha ninki, ta miƙa ta taga. Ma'aikacin ya ce, "Mama, kan sarki yanzu jaka da rabi ne." Ta yi shiru tana kallonsa, can ta ce, "Ɗana, yaushe aka ƙara? Wa ya ƙara?" Ya ce mata doka ce. Ta mayar da kuɗinta ta ƙulle, ta fita neman cikon sefa 500.

Gaskiya ya faɗa mata. Ƙarin yana cikin dokar kasafin kuɗi ta 2023, wadda majalisa ta amince da ita a ƙarshen 2022. Amma tambayarta ta biyu, wa ya ƙara, ita ce ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin yawancinmu ba mu san hanyar da doka ke bi kafin ta iso tagar ofishi ba. Abin da muke gani a talabijin shi ne ranar ƙarshe: 'yan majalisa cikin manyan riguna, an karanta rahoto, an tafa, an tashi. Alhali kafin ranar nan an riga an auna, an yanka, an ɗinke.

Tsarin mulkin 1996 ya ba wa ɓangarori biyu ikon kawo ƙudurin doka: shugaban ƙasa da 'yan majalisa. Ko daga ina ƙudurin ya fito, ana ajiye shi a lokaci guda a majalisar dokoki mai kujeru 180 da majalisar dattawa mai kujeru 100. Daga nan sai ya tarar da ƙofa ta farko, wato taron shugabanni. A wannan taro ake haɗa jagororin majalisa, shugabannin kwamitoci, shugabannin rukunonin jam'iyyu, da kuma wani minista mai wakiltar gwamnati. Su ne ke cewa wannan ƙuduri ya cancanci a karɓa ko bai cancanta ba, su ne ke tsara abin da za a tattauna, daga wurinsu kuma ƙuduri ke wucewa zuwa kwamitin da ya dace da shi.

A wannan ƙofa ƙudurin ɗan majalisa kan mutu. Sashe na 18 na tsarin mulki ya ce duk ƙudurin ɗan majalisa da zai rage kuɗin shiga na gwamnati ko ya ƙara mata nauyin kashewa, ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba, ba a karɓarsa. Ba Kamaru ce ta ƙirƙiro wannan ba, Faransa na da irinsa a sashe na 40 na tsarin mulkinta na 1958, kuma ni ban ga laifin hikimar da ke ciki ba: baitulmali ba rijiya ba ce da kowa zai zura guga. Matsalar ita ce da wuya ka sami doka mai amfani ga talaka wadda ba ta taɓa kuɗi. Ka ce a sa malami a kowace makarantar ƙauye, kuɗi ne. Ka ce a biya manomin da ambaliyar kogin Logone ta cinye masa gona, kuɗi ne. Wanda ya tsallake wannan kuma sai ya bi layi, domin sashen ya ba ƙudurorin gwamnati fifiko, a jerin da ita gwamnatin ta zaɓa. Kowane zama kuwa, na Maris, na Yuni da na Nuwamba, kwana 30 ne iyakarsa. Shi ya sa kusan duk dokar da muke rayuwa a ƙarƙashinta daga fadar shugaban ƙasa ta Etoudi ta fito.

Ga kuma lissafin kujerun majalisar dokoki. Sai jam'iyya ta tara 'yan majalisa 15 take iya kafa rukuni. A zaɓen 2020 jam'iyya mai mulki, RDPC, ta kwashe 152, UNDP ta sami 7, SDF da PCRN biyar-biyar, sauran ba su kai haka ba. Babu jam'iyyar adawa ko ɗaya da ta isa ta kafa rukuni ita kaɗai.

To tunda haka abin yake, inda ya rage wa ɗan majalisa ya nuna amfaninsa shi ne kwamiti. Manyan kwamitoci tara ne, kowanne da mutum 20: na dokokin tsarin mulki da 'yancin ɗan Adam, na kuɗi da kasafi, na harkokin waje, na tsaro, na tattalin arziki, na ilimi da matasa, na al'adu da iyali, na noma, masana'antu da kasuwanci, sai na ƙorafe-ƙorafen jama'a. A nan minista ke zuwa da kansa ya kare ƙudurinsa, a nan ake bin sa sashe-sashe, a nan kalma ɗaya da aka cire ko aka ƙara ke iya raba mutum da gidan yari. Kuma a nan ne ake rufe ƙofa. 'Yan jarida su ɗauki hoton buɗewa su fita, jama'a su jira rahoton da za a karanta a zaure.

Masu kare wannan tsari suna cewa rufe ƙofar ne ke ba ɗan majalisar jam'iyya mai mulki damar titsiye minista ba tare da an ce ya ci amanar jam'iyya ba. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma batun sirrin soja ba na kasuwa ba ne. Amma mu duba abin da rufewar ta haifa mana.

A Disambar 2014 aka yi dokar yaƙi da ta'addanci. Babu mutumin Kolofata, Amchide ko Fotokol da zai ce ba a buƙatarta, mun ga abin da Boko Haram ta yi da idonmu. Sai dai an rubuta ma'anar ta'addanci da faɗi, aka kuma miƙa shari'ar farar hula ga kotun soja. Ba a yi shekara ba, a Yulin 2015, aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa. A Afrilun 2017 kotun soja ta ɗaure shi shekara 10, sai a ɗaukaka ƙara aka rage zuwa wata 24, ya fito a Disambar shekarar. Muryar da muke ji da harshenmu kowace safiya ce dokar ta faɗa wa. Da kwamiti ya zaunar da lauyoyi, 'yan jarida da sarakunan yankin da ake yaƙin kafin a kai zaure, ina da yaƙinin da an matse wasu kalmomin.

Haka kundin hukunta laifuka na Yulin 2016, wanda lauyoyi suka fito suna ƙorafin ba a saurare su ba. A cikinsa akwai sashen da ya ce ɗan hayar da ke da yarjejeniya mai rajista, idan bashin wata biyu ya hau kansa, aka yi masa gargaɗi ya yi wata guda bai biya ba bai tashi ba, yana iya shan ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Masu gidaje na da hujjarsu, 'yan haya na da tasu. Wa ya ji su? Kundin ƙananan hukumomi na Disambar 2019 kuma ya ce magajin babban birni sai ɗan asalin jihar. Bahaushen da kakansa ya kafa gida a unguwar Briqueterie ta Yawunde ko New Bell ta Duwala, wannan magana ta shafe shi kai tsaye, amma sai da ta zama doka yawanci suka ji ta, aka yi ta ihu bayan hari.

Kasafin kuɗi ya fi kowanne ciwo. Dokar tsarin kuɗin gwamnati ta 2018 ta ce a ajiye daftarinsa a majalisa aƙalla kwana 15 kafin buɗe zaman Nuwamba. Sau da yawa sai zaman ya yi nisa yake isowa, a bar mutum 20 da tulin takardu da ministoci bi da bi har tsakar dare. Ta irin wannan hanya sefa 500 ɗin dattijuwar nan ta wuce.

Ban yarda a ce mu 'yan Arewa ba mu da hannu a ciki ba. Jihar Arewa Mai Nisa na da kujeru 29, fiye da kowace jiha, jihar Arewa 12, Adamawa 10. Kujeru 51 ke nan, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na majalisa. Cavaye Yeguie Djibril, ɗan Mayo-Sava, ya hau shugabancin majalisar a 1992 ya haura shekara 30 a kai. Idan aka yi gardama kan karɓar ƙuduri, kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, mutum 60, na iya kai maganar gaban majalisar tsarin mulki, mai yanke hukunci kan irin wannan gardama, wato mutum tara kacal namu za su nema su ƙara. Sashe na 18 ɗin ma ya ce ƙudurin ɗan majalisa da aka karɓa, idan zama biyu a jere suka wuce ba a duba shi ba, dole a duba shi a na uku. Makaman suna nan a rubuce, masu ɗauka ne ba mu gani ba.

Laifinmu a nan shi ne abin da muke nema wurin ɗan majalisa. Idan ya zo gida, ƙofarsa cike take da mai neman kuɗin magani, mai neman buhun shinkafa, mai neman kujerar Makka. Ban raina buƙatar kowa ba, talauci gaskiya ne. Amma a cikin masu layin nan da wuya ka ji wanda ya ce, "Ranka ya daɗe, wane kwamiti kake? Wane gyara ka kawo a zaman da ya wuce?"

Abin da nake nema bai buƙatar taɓa tsarin mulki, gyaran ƙa'idojin cikin gida na majalisa ya isa. A wallafa kowane ƙuduri a intanet ranar da aka miƙa shi ga kwamiti, a bar kwanaki tsakanin miƙawa da fara dubawa. A buɗe zaman kwamitoci ga 'yan jarida, ban da abin da ya shafi sirrin tsaro. Doka da Faransanci da Ingilishi ake buga ta, to tashoshin CRTV, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, na Garwa, Marwa da Ngaundare su riƙa warware ƙudurin da Fulatanci, Hausa, Larabcin Shuwa da sauran harsunanmu tun yana kwamiti. Idan kuma ƙudurin ya shafi auduga, kiwo ko cinikin kan iyaka, kwamitin ya kira manoman auduga, makiyaya da 'yan kasuwar Kusiri su zauna a gabansa su yi bayani kafin a rubuta rahoto.