Ramin Goslar da kududdufan Bukuru

Kakana ya yi shekaru yana ɗaukar ƙasa a kwano a filin kuza na Bukuru, amma har ya rasu bai iya nuna mini inda ya yi aikin ba, don wajen ya zama ruwa. Shi ya faɗo mini a rai ranar da na shiga cikin dutsen Rammelsberg, tsohon wurin haƙar ma'adinai a gefen garin Goslar na Jamus, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Hanover inda nake zaune.

An ba mu hular kwano muka bi wani dattijo cikin rami mai sanyi da danshi, ruwa na ɗiga mana a wuya. Bangon ne ya tsayar da ni: nan shuɗi, can kore, can fari, kamar marina sun yi ɓarin shuni. Gishirin tagulla da ƙarfe da tutiya ne da ruwa ya narkar ya sake daskarewa. Dattijon ya ce kimanin shekara miliyan 390 da suka wuce wajen nan ƙasan teku ne. Ruwan zafi na ɓulɓulowa daga tsagar ƙasa ɗauke da ma'adinai, da ya haɗu da ruwan sanyi sai su kwanta cikin laka hawa-hawa, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba. Daga baya ƙasa ta matse ta naɗe har ta kifar da shimfiɗar, gefe ɗaya ya leƙo waje. Shi ya sa aka gano shi da wuri, ko da yake mutanen garin sun fi son labarin dokin wani maharbi da ya tono shi da kofato.

Tun 968 rubutu ya ambaci azurfar yankin. Dalma da tutiya sun fi yawa a dutsen, sai tagulla, amma azurfar ce ta ja sarakuna har Henry na Uku ya gina fada a Goslar. Dutsen tauri gare shi, don haka itace ake jibgawa a cinna wuta a ƙarshen mako, zafi ya tsattsaga shi, Litinin a dawo da guduma. Babban abokin gaba kuwa ruwa ne. A ƙarni na 14 ya cika ramukan, aiki ya durƙushe shekaru masu yawa. Wajen 1800 suka girka manyan ƙafafun katako a can ƙasa, ruwa ke juya su, su kuma su janyo ruwa da dutse sama. Sun mai da ɓarawo mai gadi. A 1859 aka gano wata sabuwar jijiya, aka ci ta har 1988, bayan an fitar da tan miliyan 27 ko kusa da haka daga dutsen gaba ɗaya.

Duk ɗan ƙasarmu da na kai wajen, magana ɗaya yake yi: Bature ya iya adana tarihi, mu ba mu iya ba. Ban yarda da ita duka ba. Kuzar Filato a cikin yashi da tsakuwar tsofaffin koguna take, yaye ƙasa ake yi daga sama, babu wani rami mai kwana-kwana da za a zaga da baƙi. Kuma kamfanonin Turawa ne suka kwashe ta a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Arzikin bai kwana a Bukuru ba balle ya gina fada. Su ma Jamusawan ba waliyyai ba ne, har yau akwai gubar dalma a ƙasar da ke gaɓar kogunan yankin.

Inda suka fi mu wani waje ne daban. Da aka rufe Rammelsberg, shirin da aka yi shi ne a rushe gine-ginen a cike ramukan. Mutanen gari ne suka haɗa ƙungiya suka ce ba su yarda ba. Shekara huɗu bayan nan, a 1992, UNESCO ta sa wajen cikin kayan tarihin duniya. Mu kuwa da farashin kuza ya karye a 1985, ina yaro na ga manyan injinan haƙa suna tsatsa cikin ciyawa, 'yan gwangwan na yankarsu sala-sala, ba wanda ya ɗaga gira. Kududdufan sai a yi noman rani a bakinsu, wani lokaci su ci yaro.

Kuma ba a kuza muka fara wannan sakaci ba. A 1353 Ibn Baɗuɗa ya je Takedda, can yamma da Agadas, ya ga ana narka tagulla ana zuba ta sanda-sanda, da ita ake cefane, ana kai ta Gobir da Barno. Na tambayi abokaina uku 'yan Nijar a nan, ɗaya ne ya taɓa jin sunan.

Tsofaffin da suka san wane heluma ne ya riƙe wane fili, da waƙoƙin da leburori ke yi in kwano ya yi nauyi, saura ƙalilan a Bukuru da Barikin Ladi. Na kira kawuna na roƙe shi ya zauna da wayarsa ya naɗi muryar abokin kakana da ya rage. Ya yi dariya ya ce in fara turo kuɗin data.