A Shata wa Kowane Gwajin Manhaja Iyakarsa

Matasanmu da ke rubuta manhaja a Sakkwato, masu gina ta biyan kuɗin makaranta da masu ta lissafin shago, sun fara karɓar gwajin da kwamfuta ke gudanarwa da kanta duk sanda aka taɓa aikin, kuma wannan abin yabo ne. Matsalar da nake gani ita ce, kowa da abin da yake nufi idan ya ce ƙaramin gwaji, har wani ya liƙa sunan ga gwajin da sai ya leƙa rumbun bayanai, wato inda manhaja ke adana bayananta, ya kuma jira amsar banki kafin ya kammala.

Kamfanin Google ya kauce wa wannan gardama ta hanyar raba gwaje-gwajensa gida uku bisa abin da aka halatta wa kowane ya taɓa. A ƙa'idar da ya bayyana a 2010, ƙaramin gwaji ba ya hawa intanet, ba ya taɓa rumbun bayanai, kuma ba ya wuce sakan 60. Matsakaici yana iya amfani da rumbun bayanai, amma ba ya fita daga kwamfuta guda, iyakarsa sakan 300. Babba ne kaɗai aka sakar wa mara ya yi hulɗa da tsare-tsaren waje. Kyawun wannan rabo shi ne na'ura tana iya tilasta shi ba sai an kira taro ba.

A ganina, wannan ƙa'ida ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka tsara ta. Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, sabis kuma yana zuwa yana komawa, gwajin da ya dogara da intanet zai riƙa faɗuwa ba don manhajar ta yi laifi ba, kuma daga ranar da ma'aikata suka saba da cewa "ai sabis ne", sun daina duba sakamakon ke nan, ko da kuskuren gaske ne ya bayyana.

Sai dai ban yarda da masu tara ƙananan gwaje-gwaje su yi watsi da na tsakiya ba. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter da ta tura duniyar Mars, saboda wani ɓangaren manhaja yana fitar da lissafin ƙarfin tunkuɗa kumbon da wani ma'auni mai suna fam, ɗayan kuma yana karanta shi a matsayin wani ma'auni daban mai suna niyuton. Ɓarakar tana mahaɗar ɓangarorin biyu, wurin da ƙaramin gwaji ba ya kaiwa.

Don haka ƙungiyar mutum uku ma ta rubuta tata ƙa'idar a shafi guda: ƙanana su gudana a kowane gyara, matsakaita kafin a haɗa aikin wani da na sauran, manya kuma, irin wanda zai bi biyan kuɗi daga waya har fitowar rasit, su zama 'yan kaɗan da za a gudanar kafin a miƙa manhajar ga mai ita.