Wurin karatu a Manchesta, da abin da baƙina suka koya min

Duk shekara sai na karɓi baƙo ɗaya ko biyu daga gida, yawanci likitoci ne masu zuwa rubuta PLAB 2, kashi na biyu na jarabawar da hukumar likitocin Birtaniya wato GMC take yi wa wanda ya yi karatu a waje kafin ya samu lasisin aiki a nan. Ita wannan ta biyun dole sai ka tako ƙafarka Manchesta, toh da yake nan nake zaune sai lambata ta koma kamar ta tashar mota, wannan ya ba wancan, wancan ya ba ƙanin abokinsa. Bayan gaisuwa tambayarsu ɗaya ce, Yaya ina zan samu wuri shiru in yi karatu na sati ukun nan?

Da da sauri nake amsawa, in ce haba ai Ingila ce ko ina shiru, ba janareta ba hon ɗin ɗan sahu ba mai tallan kifi. Na daina faɗin haka tun da ƙanin matata ya zo a wani watan Disamba ya sauka a falonmu.

Gidan namu ɗaki biyu ne da yara uku, bangon kuma in ka yi tari a sama na ƙasa sai ya ce maka sannu. Amma wallahi ba yaran ne suka cinye masa lokaci ba, mu ne manya. Labari ya bazu cewa baƙo ya zo daga gida, shikenan kullum da yamma sai wani ya ƙwanƙwasa, an zo yi wa likita sannu da zuwa, a karɓi tsarabar kuka da daddawa da yaji, a zauna a tambayi nawa ake sayar da buhun shinkafa a Singa, a shiga siyasa, wani ma har ya ɗaga riga ya nuna masa inda ke masa ciwo tunda ga likita kyauta. Shi kuma yaro mai kunya ya rufe littafi ya gyara zama yana ta na'am na'am. Kwana biyar suka wuce haka, kuma ni ne babban mai laifi don ni nake zuba shayin.

Abin da na lura shi ne gidanmu na Hausa ko da hayaniya yana da mafaka. Akwai soro, akwai shagon samari a waje, akwai Inna da za ta ɗaga murya sau ɗaya ta ce ku bar shi yana karatu, kowa ya kama kansa. Gidan nan ƙasar ba shi da waje, in ba ka falo toh kana kicin, in ka fita ƙofa ruwan sama ne da sanyin da ke shiga ƙashi.

Rana ta shida na kai shi babban laburaren gari da ke St Peter's Square, ginin nan mai zagaye da aka buɗe a 1934, jirgin taram yana tsayawa a bakinsa. Kyauta ake shiga, ba mai tambayarka katin makaranta, ga intanet ga ɗumi ga bayi mai tsafta, kuma ɗakin karatun da ke sama a ƙarƙashin ƙubba gaskiya ban taɓa ganin irinsa a gida ba. Shirun wurin har tsoro yake ba ka, ƙubbar tana maido da sauti, biro ya faɗi a can ƙarshe kai kana nan ka ji kamar a kunnenka. Yaron ya dawo ranar yana murna ya ce karatun da ya yi a awa huɗu ya fi na kwana biyar ɗin nan duka.

Sai dai shirun nan ƙasar yana da agogo. Ƙarfe 8 na dare sun rufe, Juma'a da Asabar ma tun ƙarfe 5, Lahadi babu kwata-kwata. Wannan shi ne ya fi tuna min Samaru. Mu lokacin da muke Zariya in laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ya tashi ai karatu bai tashi ba, ka ɗauki maganin sauro da tocila ka nemi wani aji da ba kowa ka kwana kan benci, ƙarfe 2 ka fito wurin mai shayi ka koma, bayan asuba ka jingina da bangon masallaci ka ci gaba har rana ta fito ba wanda zai ce maka tashi. A nan masallatai da yawa ana idar da sallah ake kullewa sai wani lokacin, kuma a Disamba kafin ƙarfe 4 an yi magariba, kana ganin duhu jikinka ya ce maka dare ya yi alhali ko rabin abin da ka tsara ba ka yi ba. In ka ce gidan kofi za ka, toh kujerar ta kuɗi ce, kofi ɗaya fam uku zuwa huɗu, wanda ya zo da naira a kansa yana kurɓa yana lissafi har kofin ya ƙara ɗaci.

Abin dariyar kuma, ashe ita jarabawar ba ta shiru ba ce. Tasha 16 ce, kowace minti 8, ka shiga ɗaki ka tarar da wani yana kwaikwayon mara lafiya, ka gaishe shi ka yi masa tambayoyi ka yi masa bayani da Turancin da zai gane, wani lokaci ka faɗa masa mummunan labari cikin lallashi. Wannan ba a koyonsa da ido, sai ka buɗe baki da abokin gwaji, kuma ka gwada buɗe baki a ƙarƙashin ƙubbar nan ka ga kallon da tsofaffin Turawa za su maka. Da a Zariya ne gindin darbejiya ya ishe ku, ku yi ta surutunku har la'asar ba ruwan kowa. Mu dai a mota muka ƙare. Ina tashi aiki in ɗauke shi mu je filin ajiye motoci na wani babban kanti can ƙarshe inda ba kowa, in kunna hita, in saita minti 8 a waya, ni ne dattijo mai ciwon ƙirji ni ne uban da ya fusata, gilashi duk ya yi tururi shi kuma yana ta ce min yana jin damuwata. Na sha ciwo kala-kala a motar nan.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya kira ina faɗa masa gaskiya ko da ba za ta masa daɗi ba, kar ka sauka gidan ɗan'uwa, har da nawa. Ku haɗu ku biyu ko uku masu jarabawa ɗaya ku kama ɗaki inda bas ɗaya zai kai ku cikin gari, safe zuwa yamma laburare, dare ku rufe ƙofa ku yi ta gwaji da ƙarfi, kuma kar ka sanar da kowa ka iso sai ka fito daga jarabawar. Na san kuɗi ne, na san wasu za su ce Turai ta lalata ni ina korar baƙo, wani dattijo a masallacinmu ma ya faɗa min haka ido da ido. Amma wanda ya sayar da fili ko motarsa ya biya biza da tikiti da kuɗin jarabawa, in muka cinye masa sati uku da hira ba na ganin zumunci muka yi masa.

Akwai wanda zai zo wata mai zuwa, ɗan ƙanwar abokina ne, na riga na tura masa sunan unguwannin da zai nemi ɗaki na ce ranar Juma'a kawai ya zo cin tuwo. Matata ta ce in mahaifiyarsa ta kira tana ƙorafi ni zan ɗauki wayar.