Ƙannena masu binciken muhalli, wa kuke yi wa aikin?

Assalamu alaikum. Maganata da ku ce ƙannena, ku da kuke master ko kuka fara doktora kan muhalli da sauyin yanayi, a jami'ar André Salifou nan Damagaram ko a Yamai.

Lokacin da nake anket ɗin memwar ɗina, wato binciken kundin kammala karatu, na je wani ƙauye gefen Matamaye, da takardun tambayoyi da GPS a hannu ina ji da kaina. Wani dattijo ya zagaya da ni gonarsa ina ƙirga gawo, ya nuna mini yadda yake sassabe, ya bar reshe biyu ko uku a kututture ya datse sauran. Da muka zauna inuwa aka kawo fura sai ya ce, ɗana, kai ne na huɗu da ya zo ya auna itatuwan nan, cikinku ba wanda ya dawo ya faɗa mini abin da ya gani. Na ce Baba in sha Allahu ni zan dawo. Wallahi sai bayan shekara biyu na cika alkawarin, har yau abin yana cina.

Ku tuna fa, miliyoyin gawon da ke Magarya da Matamaye da Mirya ba wani furoje ya dasa su ba, manoma ne suka raine su bayan farin 1984, tun kafin masu bincike su lura a hotunan tauraron ɗan adam. To in ka je wurinsu ɗalibi kake, ka cire girman kan faransanci ka zauna kan tabarma.

Na san halin da ake ciki, burs, wato kuɗin tallafin karatu, ba ta zuwa kan lokaci, mai ba da kuɗi shi ke zaɓen tambaya, ga perdiyam na atiliye, wato kuɗin halartar taron bita, yana jan mutum. Ba laifi ba ne ka nemi abincinka. Amma kar ka gyara alƙaluma don rahoto ya yi wa ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, daɗi, in dashen itatuwa ya mutu ka rubuta ya mutu. Kuma ka tambayi matan da ke jan kura da jarkoki cikin bazara, su ma suna da ta cewa kan ruwa.

Kafin ranar sutnans, wato ranar kare kundinka, ka ware kuɗin mota, ka koma ƙauyen, ka roƙi maigari ya tara mutane bayan la'asar ka karanta musu sakamakon da Hausa, in sun ce ka yi kuskure ka ɗauki biro ka gyara a gabansu.